Sharhi Kan Shirin Digirin Digirgir na Horar da Malaman Ba da Shawara

Shekara uku na shafe ina karatun digirin digirgir ta intanet a wata jami'a da ke Amurka, a fannin koyar da masu ba da shawara kan damuwar rayuwa da sa ido kan aikinsu. Abin da ya fara jan hankalina ga shirin shi ne amincewar CACREP, hukumar da aka kafa a 1981 domin tantance irin wannan karatu. Amincewarta tana da nauyi ga mai neman aikin koyarwa, domin tun daga 2013 sassan da ke ƙarƙashinta suna neman sababbin malamansu na dindindin su kasance masu digirin digirgir a wannan fanni kansa.

An gina karatun ne a kan ginshiƙai biyar, wato ba da shawara, sa ido, koyarwa, bincike da jagoranci, tare da aikin gwaji na awa 600. Sai dai ba duka ne aka ba su haƙƙinsu daidai ba.

Inda shirin ya ciri tuta shi ne horon sa ido. An haɗa ni da ɗalibai biyu masu digiri na biyu, ina ganawa da su kowane mako, ana ɗaukar zaman a bidiyo, sannan malamata ta zauna da ni mu kalla tare. Wata rana ta tsayar da hoton daidai inda ɗaliba ta yi shiru bayan ta ambaci wani magidanci da ya fashe da kuka a gabanta, ni kuwa na yi caraf na faɗa mata abin da ya kamata ta yi. Malamar ba ta yi mini faɗa ba, maimaita wurin kawai ta yi har sau uku, sai da na gane da kaina cewa ni ne shirun ya dama, ba ɗalibar ba. Nazarin zaman da aka ɗauka tsohuwar hanya ce, tun shekarun 1940 masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya yi amfani da ita, amma ban san kaifinta ba sai da aka juyo da ita kaina.

Ɓangaren koyarwa kuwa bai taka kara ya karya ba. An ce zan taimaka a wani darasi, ashe duba takardun ɗalibai ne mafi yawan aikin, kuma sau biyu kacal na jagoranci aji. Ga shirin da ke ikirarin samar da malaman jami'a, wannan giɓi ne babba. Haka ma kundin bincike: na taɓa jiran gyaran babi guda har mako bakwai, alhali kuɗin zangon karatu bai jira ni ba.

Wanda ya riga ya saba da tsayuwa gaban aji zai ci moriyar shirin sosai. Wanda bai taɓa koyarwa ba kuwa, gara ya tambayi sau nawa za a bar masa aji kafin ya biya ko dala ɗaya.