Gyaran mariƙin mayik na kyamarata: ya riƙe, amma da sauran magana

Wallahi ranar da abin nan ya karye sai da na ji kamar in zauna a ƙasa, muna tsaka da ɗaukar kamu wani yaro ya zo a guje ya taka wayar caji, kyamarar da ƙafarta duk suka kife. Sony NX100 ce, Allah ya taimaka gilashin bai taɓu ba, mariƙin mayik ɗin da ke gefen hannun sama shi ya sha ƙasa, robar ta tsage daidai wajen sukurorin da suka kama ta.

Farko na yi wayon kaina na ɗiga mata sufa gulu. Kar ma ku ɓata lokacinku. In ya bushe ƙanƙarewa yake kamar gilashi, kuma dogon mayik nauyinsa duk a gaba yake, kwana biyu ya sake ɓallewa, ga wani farin tabo da ya bar min a jikin kyamarar.

Sai wani abokin sana'a ya haɗa ni da wani mai gyara a wajen Beirut Road nan Kano. Mutumin ya san hannunsa gaskiya. Ya kankare gam ɗina tas yana min tsiya wai "Malam wa ya aike ka", ya yanko ɗan siririn falan alminiyam ya huda shi ya ɗora ta ƙasan tsagar, ya kwaɓa gam ɗin Araldite mai tub biyun nan ya shafe, ya sa sukurori masu ɗan tsayi, yace kar in kuskura in ɗora komai sai ya yi awa 24. Ya ce min gobe, sai da na yi sawu uku, amma dai wannan mun saba.

Ƙarfi kam ya yi, wata huɗu kenan ina yawon biki da shi a bayan babur ko motsi bai yi ba. Inda matsalar take, da can akwai ɗan laushi tsakanin mariƙin da jikin kyamara wanda ke shanye girgiza, yanzu gam ya cike wajen ya zama dutse, duk taɓawar da na yi, ko zum na danna, sai in ji gurr a hedifon. A wajen dina da DJ ke ta kiɗa ba mai ji, amma ranar da na ɗauki wa'azin walima na sha wuya wajen editin.

Abin da na yi, na naɗa wa mayik ɗin yankin tub na keke kafin in ɗaure, ya rage sosai, sannan na kunna low cut, abin da ke rage sauti mai kauri irin gurr ɗin nan, a kan layin XLR ɗin da mayik ke shiga. In hira ce kuma ba na wasa, mayik ɗin maƙalawa a riga nake sa wa mutum. A goma na ba mai gyaran bakwai, kyamarar kuma shi zan sake kai wa, sai dai wannan karon zan ce ya bar min robar tsakani.