The Conjuring 2 ko The Nun II: wanda zan ce ka ɗauka

Ɗan'uwa, tsakanin fina-finan ban tsoro biyun nan da ka tambaye ni wanne za ka kalla, ɗauki The Conjuring 2, kada ma ka tsaya dogon tunani. Duka biyun na kalla. Ɗaya ina da faifansa a ajiye har yau, ɗayan kuwa kuɗina na biya aka tura mini, kuma tun kallon farko ban sake buɗe shi ba.

Na san abin da ya ɗaure maka kai. The Nun II na 2023 ne, wancan kuwa tun 2016, kuma idan ka leƙa intanet za ka ga wasu na rantsuwa The Nun II ya ƙayatar, wasu na cewa ɓarnar lokaci ne. Wannan saɓanin yana da tushe. Shafin Rotten Tomatoes da kowa ke kafa hujja da shi ba maki yake bai wa fim ba, ƙirge yake yi: cikin masu sharhin da suka rubuta, nawa suka ce ya yi, nawa suka ce bai yi ba. A kan The Conjuring 2, kusan 80 cikin 100 suka yaba. A kan The Nun II kuwa rabuwa suka yi kusan biyu daidai, yayin da 'yan kallo da ke saka ra'ayinsu a shafin suka fi su sassauci sosai. Amma akwai CinemaScore, masu tare mutane a ƙofar sinima a Amurka daren da fim ya fito su tambaye su makin da za su ba shi, daga A zuwa F. A wurinsu The Conjuring 2 ya sami A-, abin da fim ɗin ban tsoro bai cika samu ba, The Nun II kuma ya tsaya a C+. Ka ga ke nan su kansu 'yan kallon bakinsu bai zo ɗaya ba.

Kuɗin da fim ya tara ma kada ya rufe maka ido. The Nun na farko, na 2018, kusan ɗaya cikin huɗu na masu sharhi ne kaɗai suka yaba masa, amma ya kwashi sama da dala miliyan 360, ya zarce The Conjuring 2 da ya tara kimanin miliyan 320. Fuskar aljanar nan mai shigar sistar coci, Valak, ita ta ja mutane, kuma a ina aka fara ganinta? A cikin The Conjuring 2 ɗin nan da nake ce maka ka ɗauka.

Ni a ganina kowane ɓangare gaskiyarsa ya faɗa. Mai sharhi ya kalli irin waɗannan fina-finai ɗaruruwa, ya haddace dabarar: a yi tsit, a ƙara yin tsit, sai a ɓarke da ƙara tare da wata fuska. In aka maimaita masa sau goma ba tare da labari mai nauyi ba, sai ya gaji. Wanda ya shiga sinima da abokansa don a razana shi kuwa, an razana shi, ya yi ihu, kuɗinsa ya biya. To kai fa? A waya ko a laftof za ka kalla, a ɗakinka a nan Bauchi, babu manyan sifiku, babu ɗari biyu na mutane masu ihu tare da kai. A ƙaramin allo wannan ƙarar ba ta da wani tasiri. Abin da ke saura shi ne labari, kuma a nan ne tazarar take.

Bari in ba ka labarin yadda muka kalli The Conjuring 2. Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari, muna gidanmu a Fadaman Mada. An ɗauke wuta, sai muka ɗora laftof a kan tabarma a tsakar falo, ni da ƙannena uku, kowa ya ƙudundune da bargo, ga shayi a filas. Innarmu ba ta kallon fim ɗin Turawa, wucewa kawai ta zo yi za ta ɗauki carbinta. Daidai lokacin aka nuno matar gidan, Peggy Hodgson, wadda miji ya tafi ya bar ta da 'ya'ya huɗu a wani tsohon gida a unguwar Enfield da ke Landan, a 1977, ko kuɗin biskit ɗin yara babu. Inna ta tsaya riƙe da labule ta ce, "Allah sarki, ita kaɗai ce da yaran nan?" Muka ce e. Sai ta nemi wuri ta zauna. Wallahi har aka gama, sa'a biyu da minti goma sha huɗu, ba ta tashi ba.

Akwai wurin da ba na mantawa. Yarinyar, Janet, mai shekara 11, tana magana da muryar wani tsoho. Don a tabbatar ba ita ke ƙirƙira ba, aka sa ta guntsi ruwa, aka zaunar da ita a kujerar da ke kusurwar falo, Ed Warren, mai binciken aljanu da ya zo daga Amurka shi da matarsa Lorraine, ya juya mata baya yana tambaya. Kyamara na kan fuskarsa tar, yarinyar na bayansa dishi-dishi. A hankali wannan dishi-dishin ya riƙa sauya kama, kafaɗu suka faɗaɗa, har ka gane ba yarinya ce zaune ba. Babu ƙara, babu wanda ya faɗo daga sama. Ƙanwata ta damƙe hannuna, Inna kuwa na ji tana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Ta ce irin wannan ta taɓa gani da idonta a wajen ruƙya, yarinya ƙarama da muryar ƙato. Wannan shi ne abin da darakta James Wan ya iya: yana taɓa tsoron da ka riga ka sani.

Kuma fim ɗin yana barin ka ka numfasa. Akwai inda Ed ya ɗauki jita ya yi wa yaran waƙa don su sake, akwai inda ya sauka ɗakin ƙasa da ruwa ya cika don ya gyara musu. Ka so mutanen tukuna, sannan ka ji tsoron abin da zai same su. Patrick Wilson da Vera Farmiga sun fito a Ed da Lorraine, mata da miji masu tausayin juna, har Inna ta ce wannan miji ya san darajar matarsa.

Sai dai in ka ga an rubuta labarin gaskiya ne, kada ka haɗiye shi duka. Gidan Enfield gaskiya ne, an yi ta cece-kuce a kansa daga 1977 zuwa 1979, wani Maurice Grosse ya daɗe yana bincike a wurin, wasu masu binciken kuma sun ce yaran ne ke shirya abin. Ita Janet daga baya ta amsa cewa sun ƙirƙiri kaɗan daga ciki. Su Warren ɗin ma ziyara ce gajeriya suka kai, fim ne ya mai da su jagororin al'amarin.

The Nun II kuwa, Michael Chaves ne ya ba da umarni, an kai labarin wata makarantar kwana a Faransa a 1956, Taissa Farmiga ta dawo a Sista Irene. Ya fi na farkonsa, kuma wurin da shafukan mujallu ke buɗe kansu har su haɗa siffar aljanar ya yi kyau. Iyakar abin da zan iya faɗa masa ke nan.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, maganar masu tura fim. Akwai na ƙwarai, amma akwai waɗanda ba sa tsoron Allah. Wani shago a wajen Wunti na je aka tura mini The Nun II, yaron ya rantse mini tas yake. Na dawo gida na buɗe, ashe wanda aka ɗauka da kyamara a cikin sinima ne, ga inuwar kawunan mutane, ga tari, ga tallan caca yana gilmawa a kan allo. Fim ɗin da ma duhu ya yi masa yawa, sai ya zama rabinsa baƙi ƙirin kake kallo. Sai da na sake biya a wani wuri kafin na sami mai kyau. Wasu kuma tsohon fim suke sauya wa suna, su ba ka The Nun na 2018 a matsayin na biyu. Gane shi ba wuya: na farko a Romaniya yake, a 1952, na biyu a Faransa yake farawa, a cikin wata coci. Kada ka miƙa kuɗi sai an buɗe maka a gabanka. Ka ja shi zuwa tsakiya, ka ja zuwa ƙarshe, ka ji ko murya na tafiya daidai da baki, musamman in mai fassarar Hausa ne. Ka duba tsawonsa: The Conjuring 2 minti 134 ne, The Nun II minti 110, in ka ga ya gaza haka sosai an yanke shi. Memori ma kada ka saya a hannun masu yawo da shi a tire, za a rubuta 32GB, ka zuba fim uku ya fara cinye su.

Kada ka kunna shi a gaban ƙananan yara, autanmu kwana uku ya yi yana kwana a ɗakin Inna, kuma da na sani da na tura shi barci tun farko. Ka kuma sani an gina labarin ne a kan aƙidar Katolika, da gicciye da addu'o'insu, kallo ne kawai, ba wurin koyon sha'anin aljanu ba. In son samu ne ka fara da The Conjuring na 2013 don ka san su Warren, amma ko ba ka gan shi ba za ka fahimci na biyun. Ka sa iyafis mai kyau ko ka haɗa da sifika, domin ƙwanƙwasar bango da muryar tsohon nan a sautin waya ba sa fitowa sosai.