Gidan namun daji bayan gyara: an kyautata wa baƙi, saura masu gida

Gyaran da aka yi wa ƙaramin gidan namun dajin da muke kai yara a nan Damagaram ya fi amfanar masu zuwa kallo fiye da dabbobin da ake zuwa kallon, amma gyara ne na gaske, kuma duk wanda ya san wurin a da zai ga bambanci tun daga bakin ƙofa. Mun je ne da safiyar wata Lahadi cikin hunturu, ni da mai ɗakina da yara da kuma mahaifiyata wadda ciwon gwiwa ke damu, don haka na auna wurin da idon yaro da kuma ƙafar tsoho.

Kuɗin shiga bai wuce abin da mutum zai biya ɗan kabu-kabu daga Zango zuwa Kasuwar Dole ba, na yara kuma ya fi sauƙi, kuma yanzu ana ba da tikiti a hannu maimakon a karɓi kuɗi a ce ka wuce. An shimfiɗa hanyar tafiya da ta zagaye wurin, an ajiye bencina a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, an kafa rumfuna inda babu itace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu. Mahaifiyata ta zagaya wurin gaba ɗaya tana hutawa daga benci zuwa benci, abin da a da ba za ta iya ba. Akwai makewayi mai tsabta da butoci, da wurin salla, da tankin ruwa wanda muka tarar a cike. Duk mazaunin Zinder ya san abin da ake nufi da a buɗe famfo a ga ruwa, domin garin yana zaune ne a kan duwatsu kuma ƙarancin ruwa tsohuwar matsalarsa ce, har ana lissafa ta cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birnin ƙasa zuwa Yamai a 1926.

A ɓangaren dabbobi, inda gyaran ya fi kyau shi ne wurin jiminai. An rushe tsohuwar katangar da ta raba fili biyu, aka haɗe su, aka bar ƙasa da yashinta ba a zuba siminti ba, har tsuntsayen suna samun damar ɗan gudu da kuma birgima cikin ƙura. Jimina halitta ce ta fili, tana iya gudun da ya kai kilomita 70 a sa'a guda, yatsu biyu ne kawai a ƙafarta, ƙwanta ɗaya kuma yana kusan kilo ɗaya da rabi, saboda haka tsare ta a ɗan keji zalunci ne ko da ana ciyar da ita. Yara sun daɗe a nan fiye da ko'ina, musamman da namijin ya buɗe fukafukai yana rangaji. Abin da na so a gaya musu, ba a kuwa rubuta shi ko'ina ba, shi ne cewa jimina mai jan wuya tsuntsuwar ƙasarmu ce da farauta da satar ƙwai suka kusan ƙarar da ita daga daji, kuma a nan jihar Damagaram, a Kelle da ke yankin Kutus ta wajen Gure, akwai wurin da ake kiwonta don a mayar da ita dajin.

Kunkuru ma ya ci moriyar gyaran. Irin manyan nan ne na Sahel, waɗanda su ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, kuma a daji rami suke haƙawa su ɓoye daga zafin rana. An bar musu ƙasa mai laushi, sun kuwa haƙa. Tafkin kada an yashe shi, an ɗaga shingensa yadda yaro ba zai iya zura hannu ba, an kuma bar tudun yashi inda kadojin ke kwanciya baki buɗe suna shan hantsi. Ƙaramar ɗiyata ta ɗauka yunwa suke ji, sai mai kula da su ya ce mata: "A'a, ƴar baba, zafi ne suke fitarwa ta baki." Barewa kuwa an ba su inuwa da kwamin ruwa, suna nan lafiya, babu abin da zan ƙara.

Kejin kura ne ya ɓata mini rai. An shafa masa sabon fenti, an canza ƙarafa, an sa allo, amma faɗinsa yana nan yadda yake, daɓen siminti ne, rufin kwano ne, kuma babu wani lungu da dabbar za ta shige ta ɓuya daga idon mutane. Kura dabbar dare ce mai yawo mai nisa. Da rana kogo take nema. Wadda muka gani tana kai da komo a kan layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa, kuma masu ilimin dabbobi sun san irin wannan zirga-zirga alama ce ta ƙunci, ba ta kuzari ba. Mu Hausawa mun taso da tatsuniyoyin da kura ke shan wulaƙanci a hannun gizo, mun kuma saba ganin gardawa suna jan ta da sarƙa da takunkumi, shi ya sa ba kowa ke jin tausayinta ba, har na ga samari suna buga ƙarfen kejin don ta yi kuka. Amma wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyinta, kuma sanannen hadisin nan na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, ya isa ya tuna mana cewa wannan nauyi ba na wasa ba ne. Da an rage kuɗin fenti an ƙara wa kejin tsawo, an gina mata ɗan kogo da duwatsun da garin nan ba ya rasa su, da an yi aiki.

Birai suna tsakanin yabo da zargi. An ɗaga rufin kejinsu, an rataya igiyoyi da rassan itace, kuma jan biri da a da yake zaune shiru a kusurwa yanzu yana hawa yana sauka. Matsalar ita ce mutane: kowa na jefa musu alewa da biskit har da leda, alhali babu ma'aikaci ko ɗaya da ke tsaye a wurin don hanawa.

Yara sun tambayi zaki da raƙumin dawa, babu su. Ni kam ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. Zaki yana cin nama mai yawa kullum, kuma gidan da bai gama da kura ba bai kamata ya ɗauko zaki ba. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakokin Afirka ta Yamma da suka rage a daji ba su wuce kimanin 400 ba, yawancinsu a dazuzzukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, ciki har da gandun dajin W. Raƙumin dawa kuwa wurinsa Kure ne kusa da Yamai, inda adadinsu ya faɗi zuwa 49 a 1996 kafin kariya ta sa ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Wanda yake son manyan dabbobi sai ya nufi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake da gidan namun daji a cikinsa, ko gidan zoo na Audu Bako a Kano.

Irin waɗannan labarai ne ya kamata allunan wurin su ɗauka, kuma nan ne gyaran ya gaza a karo na biyu. Allunan sababbi ne, rubutunsu ya fito, amma da Faransanci kawai, kuma ba su wuce suna da abinci ba. Mahaifiyata ba ta karanta Faransanci, yaran makarantar allo da muka tarar a wurin su ma haka, alhali tun 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu allon da ya ambaci gandun dajin Termit da Tin Tuma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, wani sashensa a cikin jiharmu, kuma can ne sauran barewar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho da masana ke kira adaks ta rage a daji. Yaro zai fita ya san kunkuru na cin ciyawa, amma ba zai san abin da jiharsa ta mallaka ba.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne wani dattijo cikin masu kula da dabbobin, wanda ya bi mu da bayani ba tare da mun roƙa ba. Ya san wace barewa ce ta haihu a wurin, ya san abin da mesa ke yi idan za ta yi saɓa, yana kiran mahaifiyata Hajiya yana rage tafiya saboda ita. Da na tambaye shi batun kura, sai ya ce: "Malam, mun faɗa, muna jira." Ba kowace ƙungiyar baƙi ce za ta dace da shi ba, don haka wanda ya je ya neme shi, ya kuma yi masa ihsani.

Wurin ya cancanci a kai iyali, da sharaɗin a je da safe kafin rana ta take, domin da hantsi ya wuce dabbobin duk suna shigewa inuwa, kuma tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi daɗi. A tafi da ruwan sha da ɗan abin ci, saboda mai teburin da ke bakin ƙofa ba shi da komai sai lemon kwalba da gyaɗa. Sa'a biyu sun isa a ga komai ba tare da gaggawa ba, kuma mai ƙananan yara ya riƙe hannunsu a gaban kejin birai, domin ramukan wayar suna da faɗin da biri zai iya miƙo hannu ya fizge hula.