Mota ko gini: wanne za ka sa a gaba?

Malam, tambayarka ta tsaya mini a rai tun jiya, domin ni ma na taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya. Ka ce kai ma'aikaci ne mai albashi, kuna zaman haya da iyali, kana da fili a bayan gari, kuma kana shirin neman kuɗin gini ta hanyar banki. Ga motarka ta tsufa, kusan duk wata sai ta kwana a gareji. Shi ne kake tunanin ka fara canza ta da ɗan abin da ka tara, ka cike sauran da biya wata-wata, sannan ka waiwayi gini. Ni a ganina ginin ya kamata ka sa a gaba, amma bari mu jera su biyun ka gani da idonka.

Mu fara ba mota haƙƙinta. Ranar da ka karɓi mukulli, ranar za ka fara hutawa. Yara su isa makaranta a kan lokaci, ka daina tsayuwar jiran adaidaita sahu a rana, in rashin lafiya ta taso da tsakar dare ba sai ka buga ƙofar maƙwabci ba. Duk mai iyali ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Za ka kuma ji wasu na cewa mota yanzu kadara ce, domin wanda ya saya a 2022 ya sayar da riba a 2024. Haka ne an yi hakan, sai dai ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta faɗi. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da wannan "riba" in ya koma wajen dillali neman irinta, sai ya yi ciko.

Kuma mota ba ta gama cin kuɗi ranar da aka saye ta. Tun da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ga baƙin mai, ga tayoyi, ga inshora da sabunta takardu, ga kayan gyara da farashinsu ke bin dala.

Shi kuwa gini ba ya faranta maka da wuri. Za ka zuba miliyoyi a ƙasa, fandisho da yashi da tsakuwa da rodi, ka dawo gidan haya ka kwanta kamar ba ka yi komai ba. Amma duk bulon da aka ɗora ya ɗoru, farashinsa ya tsaya a na ranar da ka saya. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a yawancin wurare a farkon 2023, a Fabrairun 2024 ya haura 10,000. Kwano da rodi ma haka suka bi. Ranar da ka tare kuwa, kuɗin hayan nan da ke hana ka barci duk ƙarshen shekara ya zama naka.

To, inda nake so ka fi natsuwa shi ne wurin da su biyun suke karo, wato teburin ma'aikacin banki. Tunda kai ma'aikaci ne, mai yiwuwa ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari na albashinka zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa da dokar 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Rancen gida da asusun ke ba masu zubi, ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana iya biya har tsawon shekara 30. Amma ba za a ba ka abin da ka ga dama ba. Ƙa'idar ita ce abin da za ka riƙa biya duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, kuma mai tantancewa zai duba basussukan da ke wuyanka. Ba a iya ɓoye su yanzu, lambar BVN da ma'ajiyar bayanan masu bashi sun toshe wannan hanyar.

Ga misali, ka sa naka alƙaluman a madadin nawa. A ce albashinka naira 300,000 ne, kashi ɗaya cikin uku 100,000 ke nan. A kan ruwa kashi 6 na shekara 20, kowace miliyan ɗaya tana cin wajen naira 7,200 a wata, don haka 100,000 za ta ɗauki kusan miliyan 14. In ka riga ka ɗora wa kanka biyan mota na 60,000 a wata, kuma aka cire shi daga lissafin, saura 40,000, wadda ba za ta ɗauki fiye da miliyan 5 da rabi da 'yan kai ba. Ka ga motar ta cinye maka sama da miliyan 8 na gini tun ba a haƙa rami ba. Taura biyu ba ta taunuwa a albashi ɗaya. Ƙari a kan haka, shekarun biyan suna bin shekarun da suka rage maka a aiki, kuma ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Duk shekarar da ka ɓata kana biyan mota ta ragu daga cikinsu.

Na san zancen ruwa zai dame ka, ni ma yana damuna. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, masu bin tsarin murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da ribar da kuka daidaita, da ijara, wato ya saya ya ba ka haya. Ka je ka ji sharuɗɗansu, ka kuma tambayi malaminka. Sai dai su ma albashinka za su auna, su ma za su ga bashin motar.

Ni mota na fara saya. Da na je neman kuɗin gini, abin da aka ce zan iya samu bai kai ni rufi ba. Ginina ya tsaya a linta har damina biyu ta sauka a kansa, ciyawa ta cika ɗakunan, wani ɓangaren katanga ya tsage sai da birkila ya rushe shi ya sake. Ina tuƙa mota mai kyau ina zuwa duba kango, ina kuma biyan haya. Abin yana yi mini ciwo har yanzu in na tuna.

Akwai inda zan ce maka ka fara da motar ba tare da shakka ba. In da ita kake neman abinci, kana jigila ko kai kaya kasuwannin ƙauye, to jari ce, ita za ta yi ginin. Haka in filinka ba shi da takardar shaidar mallaka, ko akwai rigimar gado a kansa, domin banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina. Amma ko a nan ɗin ma, kuɗin takardar za ka fara warewa kafin ka je wajen dillali.

Tunda ka ce motar taka tana tashi, ka kai ta wajen bakaniken da ka yarda da shi, ya rubuta maka duk abin da take buƙata a yi mata gyara ɗaya mai kyau, ko da injin ne na hannu. Sauran kuɗin ka kammala takardun fili da zanen gini da aka amince da shi, ka miƙa buƙatarka alhali babu bashin kowa a kanka. In an buga kwano, an sa ƙofa da taga ko da a ɗaki biyu da banɗaki ne, ku tare, filasta da tayil su biyo baya. Kuɗin hayar da ka daina biya sai ya fara tara maka na motar. Allah Ya hore, Ya sa a tare lafiya.