Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Legas kan dillalin "mota mai tuƙa kanta"

Assalamu alaikum jama'ar Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Na daɗe ina riƙe da wannan magana saboda Yayana bai so ta fita ba. Amma shekaranjiya na ji mutumin da ya cuce shi ya buɗe adashin mota, har wasu sun fara zubi. Na koma wa Yaya da maganar, ya yi shiru, can ya ce, "Rubuta, kada alhakin wani ya hau kanmu."

Mutumin ɗan uwanmu ne Bahaushe, da haka ya samu shiga. Yakan zo majalisa bayan sallar Isha'i, fes da shi, a sha shayi a yi hira, sai can ya zaro waya ya nuna bidiyo: wani Bature a kujerar baya yana cin abinci, sitiyari na juya kansa, mota na sharara gudu a kan kwalta mai faɗi. Ya ce irinta yake shigowa da ita ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can, mai aiki da lantarki, ba ta shan fetur ko ɗigo, caji ɗaya daga Legas har Kano. Da kunnena na ji ya ce wa Yaya, "Alhaji, kana wuce Berger ka kwantar da kujera ka yi barcinka, sai Kwanar Dangora za ka farka." Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai kai iyali gida da Sallah ya san abin da tanki ke ci. Yaya ya ba da kafin alƙalami, daga baya ya cika sauran.

Mota kuwa ta zo, tana ƙyalli. Ba zan faɗi kamfanin da ya ƙera ta ba, don laifin ba nasu ba ne. Dillalin ya haɗa mana da "kyauta" biyu: wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ake maƙala wa sitiyari, da taswira ta WhatsApp mai jajayen ɗigo a Ibadan, Ilorin, Mokwa da Kaduna, wai wuraren caji.

Allah Ya taimake mu, kafin tafiyar Kano aka gayyace mu ɗaurin aure a unguwar Sabo da ke Ibadan, muka ce bari mu gwada. Tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Muna wuce Shagamu Yaya ya kunna na'urar da aka ce ita ke tuƙa motar, ya maƙala ƙarfen, ya sauke hannuwansa a cinya yana jan carbi. Motar ta riƙe layi tiryan-tiryan, har na fara jin daɗi. Sai Ogere, inda tireloli ke jere a gefen hanya. Wata ta lalace, gindinta ya shigo kwalta, babu alamar komai sai rassan ganye da yaran mota suka zuba. Motarmu ba ta rage gudu ba. Na ƙwala ihu, "Yaya, birki!" Ya cafki sitiyari ya karkace, madubin gefena ya daki ƙarfen tirelar ya tarwatse, gilashi ya zubo mini a cinya. Da muka tsaya, carbin ya tsinke, ƙwayoyinsa sun warwatse a ƙasan mota, hannun Yaya na karkarwa ya kasa ko buɗe ƙofa. Iyali ya yi niyyar ɗauka a wannan motar zuwa Kano, da matarsa da yara huɗu.

Abin da na koya daga baya, kuma nake roƙon kowa ya riƙe: wannan na'ura mataimakiyar direba ce kawai. Kyamara na bin farin layin titi, na'ura na riƙe tazara tsakaninka da motar gabanka, shi ke nan. A ma'aunin injiniyoyi mai matakai daga 0 zuwa 5, tana mataki na 2, wato alhakin tuƙi duk yana wuyan direba. Hatta Tesla, da tata Autopilot ta fi kowacce suna, cewa take ido na kan hanya, hannu na kan sitiyari. A 2016 wani direba ya mutu a jihar Florida lokacin da motarsa ta shige ƙarƙashin tirela na'urar na kunne. A Disamban 2023 kamfanin ya yi wa motoci kimanin miliyan 2 gyaran manhaja a Amurka don ƙara tsananta gargaɗi ga direban da ya shagala. Can ke nan, inda layin titi ke nan raɗau. To ina ga Ilorin zuwa Jebba zuwa Mokwa, da ramuka, da garken shanu, da mai okada da ke tahowa ta hannunka, da shingen bincike na taya da katako?

Ƙarfen nan kuwa shi ya fi ƙona mini rai. Motar tana jin nauyin hannunka a sitiyari. Idan ka saki, sai ta yi ta ƙara, in ka ƙi kulawa ta rage gudu ta tsaya. Ƙarfen yaudararta yake yi ta ɗauka hannunka na nan. Tun 2018 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta hana sayar da wani irinsa. Mu kuma aka miƙo mana shi a leda da sunan kyauta.

Maganar caji ɗaya ma ƙarya ce tsagwaronta. Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000. Hyundai Kona da aka harhaɗa a nan Legas, sabuwa dal, kilomita 482 aka ce tana yi, kuma galibin motocin lantarki ba su wuce nan da nisa ba. Gudu da kaya da sanyin mota duk suna rage shi. Batir mai kilowat-awa 60 idan ka jona shi a soket ɗin gida sai ya haura awa 20 kafin ya cika, in ba a ɗauke wuta ba. Kan cajar ma iri-iri ne, na Amurka daban, na China daban, na Turai daban. Gaskiya ne hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu ta kafa wuraren caji masu hasken rana a 2021, a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da jami'ar Legas, kuma 'yan kasuwa sun ƙara wasu a Legas da Abuja. Ba na ƙin motar lantarki. Ga mai zirga-zirga cikin gari da wutar da za ta ishe shi, abin so ce. Amma wanda ya ce maka a Mokwa za ka yi caji, ka ce ya kai ka ka gani da idonka.

Mu dai da caji kashi 100 muka bar Agege, da kashi 7 muka shiga Ibadan. Jan ɗigon taswirar ya kai mu shagon cika tukunyar gas. A bayan janwe motar ta dawo Legas.

Wani makaniki a Ladipo ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kujera ya kira ni. Busasshen taɓo, tsatsa a jikin wayoyi, da wani warin ruwa da turare ya ɓoye. Ya duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a intanet, sai ga hoton motar a filin gwanjon Amurka, an rubuta ambaliya ce ta ci ta. Da mun duba lambar nan kafin mu biya, da ba a kai nan ba. Minti kaɗan ne a waya. Dillalin kuwa layinsa a kashe, ofishin da ya kai mu an garƙame da kwaɗo, maigadi ya ce haya ce ta wata uku.

Yanzu ya canza suna a TikTok, yana cewa a zuba kuɗi duk Juma'a, wanda ya cika ya karɓi mota. Don Allah, idan kana cikin adashin nan kada ka ƙara zuba ko kwabo. Ka adana rasit, da shaidar tura kuɗi, da saƙonnin murya da ya turo maka. Mun kai ƙara sashen 'yan sanda na yaƙi da zamba da ke titin Milverton a Ikoyi, kuma ofishin EFCC na titin Awolowo duk a unguwar yake; yawan masu ƙorafi zai ƙara wa maganar nauyi.

Mai son gani ya zo Agege bayan Isha'i. Ƙarfen na hannun Yaya, motar kuma tana waje lulluɓe da tamfol, nesa da ɗakunan kwana, don makanikin ya ce batirin da ruwa ya shiga yana iya kamawa da wuta, kada a sake jona shi.