Hular kaba da hular ulu na matan Yahudawa: wace za a saya, yaushe za a sa

A shagunan huluna na unguwannin Yahudawa masu riƙo da addini, irin su Borough Park a New York, Golders Green a Landan da Geula a Birnin Kudus, sau biyu a shekara ake sauya kayan da ke kan kanta. Kafin Idin Ƙetarewa a jera na kaba, kafin Rosh Hashana, sabuwar shekararsu, a fito da na ulu. Hular da muka duba ita ce mai zurfin nan mai siffar ƙararrawa, wadda ke sauka har kan kunne da ƙeya, domin ita matar aure ta fi saya don zuwa majami'a ranar Asabar, ranar hutu da ibadarsu. Rufe gashi wajibi ne a kan matar aure a wurinsu, kuma Talmud, kundin koyarwar malamansu na dā, ya kafa hujja da Littafin Ƙidaya 5:18 na Attaura. Amma babu dokar addini da ta ce ga watan kaba ga watan ulu. Al'ada ce kawai, rabinta ma daga tsarin adon Amurka ta samo asali, inda ake sa hular kaba daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba.

Matsalar bin idi ido rufe ita ce kalandarsu ta wata ce da ake daidaitawa da rana, saboda haka ranakun suna yawo. A 2013 Idin Ƙetarewa ya faɗo 26 ga Maris, lokacin da sanyi bai saki New York ba, Rosh Hashana kuma ta zo 5 ga Satumba ana tsakiyar zufa. A 2024 kuwa sai 23 ga Afrilu da 3 ga Oktoba. Shi ya sa mata da yawa ke jan hular kaba har ƙarshen Idin Bukkoki, wajen mako uku bayan sabuwar shekara, ranar da ake fara ambaton ruwan sama a cikin addu'a. Wannan ya fi ma'ana a ganinmu, tunda a ranar farko ta Idin Ƙetarewa ake daina ambatonsa a roƙi raɓa. A Johannesburg da Melbourne lissafin a juye yake gaba ɗaya, domin lokacin zafi da na sanyi a can akasin na New York da Landan ne.

Abin da ake kira hular kaba iri uku ne a kasuwa, kuma ba ɗaya suke ba. Mafi araha da takarda ake murza zarenta. Ba ta da nauyi, tana da kyau a mako na farko, amma ruwa ne ajalinta: da ta sha yayyafi sai zaren ya kumbura, bakin ya langaɓe, wani lokaci rinin ya zuba a goshi. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga mai sa ta ranar Asabar, domin ba a buɗe laima a ranar, ba a shiga mota, da ƙafa za a je majami'a a dawo. Ba mu ba da shawarar sayenta sai ga mai zama inda ba a ruwa da bazara, kamar Isra'ila daga Yuni zuwa Agusta.

Ta biyu ita ce sinamai, da ake saƙawa da zaren abaka, wata shuka dangin ayaba ta ƙasar Filifin. Iska na ratsa ta sosai, sai dai saƙarta shara-shara ce. A ɗaga ta saitin fitila a cikin shago: in ana hango yatsu ta cikinta, to gashi ma za a hango, manufar sa ta kuwa ta tafi ke nan. Sai mai ninki uku, ko mai shafin auduga a ciki. Shafin leda-leda na roba kuma yana kashe amfaninta, don yana riƙe gumi kamar an ɗaura jaka a kai. Sinamai ba ta yafe matsi. In aka zauna a kanta ta karye, tururi ba ya mayar da ita daidai.

Ta uku, wadda muka fi yabawa, ita ce ta zaren sisal mai saƙa a matse. Ta fi tsada, amma tana rufe gashi ba sai da shafi ba, kuma in ta lotsa, a kanga ta a bakin butar shayi mai tafasa na ɗan lokaci, a gyara da hannu, a bar ta ta huce.

Akwai batun faɗin baki. Littafin dokokinsu, Shulhan Aruk, ya hana sa hula mai ƙaƙƙarfan baki da ya kai faɗin tafin hannu ranar Asabar, wato santimita 8 zuwa 10, saboda tana kama da kafa rumfa. Malaman baya sun yi sassauci idan bakin mai laushi ne ko ya sunkuya ƙasa, amma mai son kauce wa saɓani ta tsaya a santimita 5 zuwa 7. Ƙaramin baki kuma iska ba ta fizge shi a hanya.

Hular sanyi ko dai ta ulun tumaki ce da aka daddanne, ko ta gashin zomo. Ta zomo ta fi laushi da sauƙi a kai, ta fi jure ruwa, ta kuma fi daɗewa. Ta ulun tumaki tana tsukewa in aka shanya ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki. A cusa mata takarda marar rubutu, a bar ta ta bushe da kanta. Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne sha'atnez, haramcin haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya, kamar yadda ya zo a Kubawar Shari'a 22:11. Lilin na iya ɓuya a zaren ɗinki, ko a ƙyallen da ya zagaye cikin hular, ko a furen ado. Takardar da aka liƙa ba ta faɗin wannan. A tambayi mai shago ko an kai ta wurin masu binciken sha'atnez, in ba a kai ba mai saye ta kai da kanta. Yawancin manyan unguwannin Yahudawa suna da su.

Wajen awo ake yawan asarar kuɗi. Yawancin hulunan mata a kan santimita 57 ake yin su, alhali matar da ta tattara gashinta a ciki, ko ta sa gashin kanti a ƙarƙashi, ko abin cika ƙeya irin acuci, kanta ya ƙaru da santimita 1 zuwa 2. A auna da tef ɗin tela bayan an gama shirya gashin yadda za a fita da shi, daga tsakiyar goshi, ta saman kunne, zuwa tudun ƙeya. Hular da ta matse tana jawo ciwon kai kafin a idar da addu'ar safe mai awa biyu ko uku, tana kuma cin gashin gaban goshi. Wadda ta ɗan yi yawa gyaranta da sauƙi: maɗaurin karan-miski a ƙarƙashi yana riƙe ta ba tare da fil ba, kodayake da bazara yana ƙara zafi.

Makonnin tsakiya, Afrilu da Oktoba, babu ɗaya daga cikin biyun da ke gamsarwa. Nan hular yadi ta auduga mai kauri ko kallabi ya fi su duka. Idan za a ajiye ta ulu bayan Idin Ƙetarewa, a goge ta da burushi mai laushi, a share gumin cikin da ɗanyen tsumma, domin asu ya fi bin inda gumi ya zauna, sannan a kifa ta a kan ƙoƙonta cikin kwali, kada nauyinta ya hau kan bakin.