Cukun leda ko cukun dunƙule: wanda ya cancanci kuɗinka a Ingila

Assalamu alaikum. Malam, sannu da zuwa Ingila, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Tsakanin cuku biyun da ka ce sun ruɗa ka a kanti, wato mai falle-falle da ake naɗe kowane yanki a leda da kuma Cheddar da ake sayarwa a dunƙule, dunƙulen za ka ɗauka, ka haɗa da magogi da ƙaramin injin gasa burodi, ka huta da bin layin masu sayar da sanwic kullum. Duka biyun na saya da kuɗina a shekarun da na yi a Manchester. Ɗaya har gobe ba ya yankewa a firij ɗina, ɗayan kuwa sau ɗaya na saye shi da yawa, kuma ban ƙara ba.

A hunturuna na farko ina aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, ana ba mu hutun rabin sa'a da misalin ƙarfe biyu. Abincina a kullum shi ne sanwic ɗin kanti mai ƙwai ko kifi, wanda sanyinsa kaɗai ya isa ya kashe wa mutum jiki. Akwai wani dattijo Ba'adare, mutumin Tawa, da muke aiki tare. Ya yi kwanaki yana kallona bai ce komai ba, sai wani dare ya buɗe ƙunshinsa ya gutsuro mini rabi, ya ce, "Ɗana, ci wannan ka ji, shi ne ya fi kusa da cukun gida." Burodi ne gasasshe, a ciki an zuba gogaggen Cheddar da albasa yankan siriri da ɗan attarugu, an barbaɗa yajin tsire, ya ɗumama shi a na'urar ɗumama abinci ta wurin aiki har cukun ya soma zubowa ta gefe. Ya ba ni labarin cukun Azawak da ake shanyawa falle-falle a kan tabarmar kara har ya bushe, a ci da shayi, ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai sami abin da ya tuna masa da ɗanɗanon madarar gaske ba sai wannan. Ranar Asabar ɗin makon na sayi dunƙulena na farko da injin gashi, kuma injin nan shi nake amfani da shi har yau, duk da hannunsa ya tsage.

Abin da ya sa dattijon ya ji madara a bakinsa yana rubuce a bayan ledar. Kayan haɗin Cheddar ba su wuce madarar shanu da gishiri da ƙwayoyin da ke tsamar da madara da sinadarin da ke daskarar da ita ba. Cheddar sunan wani ƙauye ne a gundumar Somerset ta Ingila, kuma ana cinye kusan lita 10 ta madara kafin a sami kilo ɗaya, shi ya sa giram 100 yake ɗauke da furotin kimanin giram 25, kuma yake riƙe ciki har gari ya waye. Ana sayar da shi gwargwadon daɗewarsa a ajiye: mai laushin ɗanɗano ya yi wata uku ko kusa da haka, wanda ya nuna sosai ya doshi shekara, akwai kuma wanda ya haura wata 18, mai ƙarfin da ba kowane baƙo ne zai iya da shi ba. Daɗewar tana da wani amfani da ya shafe mu. Da yawa daga cikinmu madara tana kumbura mana ciki saboda sukarin da ke cikinta, to a Cheddar mafi yawan sukarin yana fita tare da ruwan madarar, ragowar kuma ƙwayoyin suna cinye shi kafin ya iso kanti. Ni da kofin madara ɗaya yake hana ni sakewa, ban taɓa jin komai ba bayan na ci shi.

Na falle-fallen kuwa, kwaɗayin araha ne ya kai ni. Na shiga wani shagon sari na ga ƙaton ƙunshi irin wanda masu shagon baga suke saye, falle fiye da ɗari, na yi lissafi na ga kamar na gama da batun abincin rana na wata uku. A sanyaye yana manne wa ganɗa, ba shi da ƙamshi, gishiri ne kawai yake tashi a baki, kuma kafin mako biyu ko ganinsa ba na son yi. Rabinsa na rabar wa maƙwabta, sauran ya ƙare a kwandon shara. Araha dai ba ta ado. Yabo ɗaya zan yi masa: yana narkewa sumul a kan nama mai zafi, kuma yana daɗewa bai lalace ba.

Dama don waɗannan abubuwa biyu aka ƙirƙire shi. A 1911 wasu mutum biyu a Suwizalan, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka gano cewa idan aka narka cuku aka zuba masa wani gishiri na musamman, zai daɗe kuma zai jure tafiya zuwa ƙasashe masu zafi. A 1916 James Kraft ya yi wa tasa hanyar rajista a Amurka, sojojin ƙasar suka saye shi da yawa a gwangwani lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yankakken na kamfanin Kraft ya fito a 1950, nasa mai leda ɗaiɗai kuma a 1965. Gishirin nan, wanda za ka gani a jerin kayan haɗi da lambobi irin su E331 da E339 da E452, aikinsa shi ne ya riƙe mai da ruwa wuri guda don kada su rabu a kan wuta, sannan a kan ƙara ruwa da garin madara da launi. A Amurka doka ta ce sai cuku ya kai kashi 51 cikin ɗari kafin a sa wa irin wannan haɗin wani suna na musamman, kuma tun 2002 Kraft Singles, wato mai falle-falle na kamfanin Kraft, ya sauya yadda yake bayyana kansa a jikin leda bayan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ja kunnen kamfanin. Idan ka duba na nan ma, za ka tarar gishirinsa yakan fi na Cheddar, wanda yake da kusan giram 1.8 a cikin giram 100, alhali giram 6 ne iyakar da hukumar lafiya ta Birtaniya ta yanka wa babba a yini. Maiƙo ne kaɗai inda Cheddar ya fi shi nauyi, don kusan kashi ɗaya cikin uku na dunƙulen mai ne, saboda haka a riƙa gogawa da lissafi.

Mai hoton jar saniya tana dariya, La Vache qui rit, wanda mutanenmu na Nijar suka tashi da shi, shi ma ɗan gidan narkakken cuku ne, kamfanin Bel na Faransa ya fito da shi a 1921. Yana da daɗin shafawa a burodi da shayin safe, amma ba na gashi ba ne.

Game da sanwic ɗin waje, lissafin a fili yake. Haɗin sanwic da lemo da ɗan abin taɓawa da manyan kantuna suke yi yana kai fam huɗu ko kusa da haka, wanda a kwana 20 na aiki ya tasam ma fam 80, alhali dunƙule mai giram 350 yana yi mini sanwic goma zuwa goma sha biyu. Ga kuma batun halal. McDonald's ya faɗa da bakinsa cewa abincinsa a Birtaniya ba shi da shaidar halal, shi ya sa za ka ga 'yan'uwa sun taru a kan Filet-O-Fish, sanwic ɗinsa na kifi, wanda wani mai shagon McDonald's a birnin Cincinnati na Amurka ya ƙirƙira a 1962 saboda mabiya ɗariƙar Katolika da ba sa cin nama ranar Juma'a. Idan ka ɗaga burodinsa za ka ga rabin fallen cuku ne kacal a ciki, kuma da gangan ake sa shi haka. Subway da KFC suna da rassan halal, amma ba duka ba, saboda haka kowane reshe sai ka duba shaidarsa, kada ka ɗauka na wannan titi da na wancan ɗaya ne.

Shi kansa cukun yana da tasa mas'alar. Sinadarin daskarar da madara, wanda ake kira renet, asalinsa daga tumbin ɗan maraƙi ake cirowa, kuma malamai sun yi saɓani a kan wanda aka ciro daga dabbar da ba a yanka ta bisa shari'a ba. Sauƙin da aka samu shi ne mafi yawan Cheddar na Birtaniya yanzu ba da na dabba ake yin sa ba, kuma za ka ga an rubuta cewa ya dace da waɗanda ba sa cin nama, galibi da harafin V a jikin ledar. Wanda yake da wannan alamar ya fitar da kai daga saɓanin gaba ɗaya. Parmigiano Reggiano na Italiya kuwa ƙa'idar yin sa ta wajabta renet ɗin maraƙi, don haka ka san abin da ka ɗauka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa, har da waɗanda za su tarbe ka da sallama. Akwai wani abu da ake yi da man ja ko wani man girki da sitaci, a yi masa launi da siffar cuku. Doka ta hana a kira shi cuku, shi ya sa a jikin ledarsa za ka ga an kauce wa kalmar an rubuta yankan baga ko abin barbaɗa wa fiza, amma wasu ƙananan shagunan abinci suna zuba shi su caje ka kuɗin cuku. Akwai masu manna takardar halal da suka buga da kansu a taga, babu sunan hukumar da ta ba da shaida, alhali HMC da HFA, hukumomin ba da shaidar halal a Birtaniya, suna da jerin wuraren da suka tantance wanda kowa zai iya dubawa. Na taɓa sayen ƙunshi a wani ƙaramin shago, sai da na isa gida na ɓare tambarin farashi na tarar an liƙa shi daidai kan ranar ƙarewar wa'adi, kuma wa'adin ya wuce da makonni. Ka duba makin tsafta na wurin cin abinci, daga 0 zuwa 5 ne, kuma da yake a Ingila ba dole ba ne a liƙa shi a ƙofa, wanda ya ɓoye nasa ka nemo shi a intanet. Masu tallar cukun gida da kilishi a waya kuma, ka sani cewa an haramta wa matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya ko Nijar, don haka babu wanda ya san kwana nawa kayan suka yi a akwati ko ta ina suka biyo.

Ka sayi Cheddar matsakaici a karon farko, na tambarin kantin da kansa ya wadatar, ka kwatanta farashin kilo da aka rubuta da ƙananan haruffa a jikin kanta, ba farashin ƙunshi ba. Ka goge rabi ka sa a firiza, sauran ka naɗe shi da kyau don kada gefensa ya bushe. Injin gashin ka nemi wanda farantansa suke cirewa, domin wankin wanda ba ya cirewa shi yake sa mutane su jefa shi saman kabad. Idan da dare za ka haɗa na gobe, kada ka sa tumatir a ciki, zai jiƙa burodin kafin safiya. Ka yanka shi daban, ka sa lokacin da za ka ci.